Inda Za a Rubuta Sunan Telmo

A garinmu na masunta, kudu da Cádiz, mutuwa ma kashi biyu ce. Wanda ya mutu a kan gadonsa, ana zura akwatinsa a ramin bangon makabarta, a toshe bakin da farin dutse, a sassaƙa sunansa a kai. Ranar tunawa da matattu, farkon watan Nuwamba, matan gidansu su zo da bokiti da soso su wanke dutsen, su jera furanni, su zauna suna gulmar waɗanda ba su zo ba. Wanda teku ya ci kuwa ba shi da rami, ba shi da dutse. Danginsa sai dai su je ƙarshen gadar da jirage ke tsayawa, su watsa furanni a ruwa su dawo gida.

Casilda mai gyaran taru ta rantse ita ba za ta yi wannan ba.

"Wanda ya cinye min ɗa shi zan kai wa fure?" in ji ta. "Ai sai in haɗa masa da tukwici!"

Telmo ne ɗan nata, shi kaɗai ta haifa, ita kaɗai kuma ta raine shi bayan mutuwar ubansa. Sana'arsa kamun pulpo, dabbar ruwan nan mai hannu takwas. Ana jera tuluna a igiya a saukar ƙasan teku, ita kuma sakarar sai ta ga ta sami ɗaki, ta shige ta zauna har a jawo ta. Tana da hali irin na sabuwar amarya, duk abin da ta gani mai ƙyalli sai ta kwaso ta yi wa ɗakinta ado. A cikin irin wannan tulu ne wata rana Telmo ya tarar da wani baƙin faifan ƙarfe. Ya kankare shi da wuƙa, sai ga azurfa.

Kowa a nan ya san inda ake kai irin wannan. Don Evaristo yana zaune a babban gidan da ke kan tudu, gidan kakanninsa masu rumbunan giya. Dattijo ne mai tsabta da taushin murya, bai taɓa jiƙa ƙafarsa a teku ba, amma babu abin da teku ya haɗiye da bai san lissafinsa ba. Rayuwarsa duk ta ƙare a tara sulallan azurfa na zamanin da sarakunanmu ke mulkin Peru da Mexico, irin waɗanda jiragen ruwa ke ɗebowa, su sha wahalar tafiya, sai sun hango gida guguwa ta kife su. Ya juya sulen Telmo a tafin hannunsa ya ce irin wannan da yawa, amma inda aka sami ɗaya, 'yan'uwansa na nan kwance. Shi ya ara wa yaron tukunyar iska da kayan nutso. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Rani guda Telmo yana nutso. Abokin sana'arsa Nicanor yana cikin kwale-kwale riƙe da igiya, in ya ji an girgiza ta sai ya jawo 'yar jakar raga da abin da aka samu. Ranar ƙarshe igiya ta girgiza, jaka ta fito da sule guda ɗaya tak. Nicanor ya jira har iskar tukunyar kowane mahaluƙi ta isa ƙarewa, ya ƙara jira. Daga nan ya juyo gida shi kaɗai, ya wuce gidan kan tudu bai ko kalle shi ba, ya je ya sa sulen a hannun Casilda.

"Inna, ga abin da ya aiko," ya ce.

Ta je ofishin gari neman izinin sa dutse a bango, ko da ramin babu kowa a ciki. Ma'aikacin ya ce mata bango na gawa ne, kuma a wajen hukuma Telmo bai mutu ba, ɓata ya yi, sai an yi shekaru kafin a yarda. Ta je wajen Fada, limamin coci, ya yi wa yaron addu'a da zuciya ɗaya, amma ya ce bangon ba na coci ba ne. Ta dawo gida da ɗan da bai mutu ba, bai kuma rayu ba. Abin da ke cin ranta ke nan dare da rana: idan ita ma ta mutu, babu wani wuri a duniya da mutum zai tsaya ya karanta cewa an taɓa yin wani Telmo.

Sulen ta ɗaure shi a ƙyalle ta sa a ƙirjinta. Ba zagayayye ba ne sosai, gefensa a karkace kamar wainar da aka yi wa gaggawa. A fuska ɗaya akwai gicciye, da hasumiyoyi biyu da zakuna biyu a kusurwoyinsa, zaki ɗaya a kife, ƙafafu sama. Kusa da zakin akwai wani ɗan zane lanƙwasasshe kamar ƙugiya, inda wuƙar Telmo ta zame sa'ad da yake ɓamɓaro shi daga dutse. Wannan zane shi ne aikin ƙarshe da hannun ɗanta ya yi, kuma babban yatsanta ya san shi fiye da yadda ya san allurarta.

Nicanor ba mugu ba ne, amma giya tana kwance masa baki. Bayan wata uku labarin zaki a kife ya hau tudu. Washegari motar Don Evaristo ta tsaya a lungun masu taru, ya fito da hularsa a hannu, ƙaton farin karensa Capitán na biye da shi.

"Casilda, na zo gaisuwa. Na makara, kunya ce ta hana ni."

"Kunya ba ta tuƙa mota, ranka ya daɗe. Me ya kawo ka?"

Bai ji haushi ba. Ya zauna a kan kujerar da ba a ba shi ba, ya roƙe ta ta nuna masa sulen. Da ta kwance ƙyallen, sai dattijon ya fito da gilashin ƙara girma ya daɗe yana kallo, har ya manta da numfashi. Ya ambaci kuɗi, ta girgiza kai. Ya ƙara, ta fara naɗe ƙyallenta.

"Ba na sayar da ɗana sau biyu," ta ce.

"To me kike so? Kowa yana da abin da yake so."

"Abin da nake so ba ya cikin aljihunka. Dutse nake so mai sunansa."

Don Evaristo ya shafa kan karensa. Can ya ce, "Zo gidana gobe. Ba zan ce ki ba ni komai ba. Kallo kawai za ki yi."

Ta je. Kuyangar gidan ta sa ta goge takalmi har sau biyu kafin a shigar da ita wani dogon ɗaki mai sanyi, tagogi a rufe. Tebura ne masu murfin gilashi, a ciki an shimfiɗa jan karammiski, kowane sule yana kwance a gurbinsa. A ƙarƙashin kowanne akwai ɗan allon tagulla da rubutu. Casilda ba ta yi nisa a makaranta ba, amma tana haɗa baƙi, sai ta ga sunayen mutane ne.

"Al'adarmu ce mu masu tara waɗannan," in ji shi. "Sulen da ba a san wanda ya fito da shi ba, maraya ne. Wannan wani masunci ne ya tsamo shi tun zamanin kakana. Kabarinsa ya daɗe da ɓacewa, jikokinsa ma ba su san sunansa ba. Amma ga shi nan. In na mutu, ɗakin nan duk na birni ne, haka na yi wasiyya. 'Yan makaranta za su riƙa zuwa suna karantawa har duniya ta naɗe."

Ya kai ta teburin tsakiya, inda sule guda ke kwance shi kaɗai. Ruwa ya cinye shi har ya yi laushi kamar tsohon sabulu, amma in ka ƙura ido za ka ga inuwar zaki a kife. A ƙasa an rubuta sunan kakansa, Don Leandro.

"Maƙerin sarki ne ya yi kuskure, ya kife zakin, aka gane da wuri aka fasa hatimin. Duk duniya an san guda ɗaya ne ya rage, shi ne wannan. Daga Madrid ake zuwa, daga London. Ban taɓa bari an ɗauki hotonsa ba, shi ya sa 'yan baƙin ciki ke cewa ba zaki ba ne, tsatsa ce." Ya yi ɗan murmushi. "Ki kawo naki. Ki dawo ranar matattu da furanninki. Za ki sami inda za ki tsaya."

Maƙwabciyarta Eufemia, wadda bakinta ba ya da linzami, ta tare ta a bakin famfo.

"Ke Casilda, tsufa ne ko hauka? Kura za ki ba ajiyar nama? Mutumin da ya ara wa ɗanki likkafani?"

"Na ga sunayen da idona, Eufemia."

"Kin ga na matattun da ba su da bakin ƙara. In ba za ki sayar ba, ki riƙe abinki. In za ki bayar, ki tatse shi har sai ya yi kuka. Amma kyauta? Ko Budurwa Maryamu sai an kunna mata kyandir!"

"In na karɓi kuɗi ya zama nasa. In ban karɓa ba, na Telmo ne, ajiya na ba shi."

"Allah ya ba da sa'a, uwar masu dabara."

Ta kai masa sulen. Ta sumbaci zanen wuƙar kafin ta miƙa, shi kuma ya karɓa da farar safar hannu. Watannin da suka biyo baya hannunta kan kai ƙirji ya tarar babu komai, sai ta tuna allon tagulla, hankalinta ya kwanta. Har ta koma cin abinci. Takan zauna tana gwada yadda rubutun zai kasance, ko za a sa sunan ubansa, ko za a ce masunci ko mai nutso. Ta gaya wa mai burodi, ta gaya wa mai kifi, ta gaya wa Fada. Duk lungun ya san ɗan Casilda zai kwanta a kan karammiski, abin da ko magajin gari bai samu ba.

Ranar matattu ta zo. Gari ya yi ƙamshin furanni da gasasshen ƙwallon chestnut, ɗan itacen da ake ci kamar gyaɗa, mata na ta wucewa makabarta da bokitansu. Casilda ta sa baƙar rigarta ta fita, ta sayi fararen furanni dami guda, ta hau tudu a ƙafa. Eufemia ta leƙo ta taga ta ce a gaida mata da Telmo, kuma ba da gatse ta faɗa ba.

Kuyanga ta ce maigida yana da baƙi. Casilda ta ce za ta jira, ta zauna a dakalin zaure da furanninta a cinya har ƙafafunta suka yi sanyi. Daga ciki tana jin dariyar maza da ƙarar kofuna. Da baƙin suka fito, wani mai gemu yana girgiza hannun Don Evaristo yana cewa ya janye duk abin da ya taɓa faɗa, zaki ne, ko makaho ya shafa ya san zaki ne. Suka wuce ta kamar tulun zaure.

"Af, Casilda," in ji Don Evaristo. "Yau ce ashe. To shigo."

Ta nufi teburin tsakiya kai tsaye. Ta zaci za ta ga biyu, sai ta ga ɗaya. Nata ne, babu ko tantama: ga karkataccen gefen, ga zaki ƙafafu sama, ga ƙugiyar wuƙar Telmo. Zuciyarta ta buga don murna, ta sunkuya kan allon tagulla tana haɗa baƙi da leɓɓanta. Ta karanta, ta sake karantawa daga farko ko idonta ne. Don Leandro aka rubuta. Tsohon allon ne, ko ƙusa ba a taɓa ba.

"Ranka ya daɗe, an yi kuskure. Wannan na Telmo ne."

"Wannan na kakana ne. Na ba da an wanke shi, ya fito. Kin ji abin da baƙina suka ce."

"Ga zanen wuƙarsa nan! Ni na kawo maka shi a ƙyallena!"

"Rage murya, ɗakin nan ba kasuwar kifi ba ce." Ya ja kujera ya zauna, ya yi mata magana a hankali kamar mai koya wa yaro karatu. "Duk abin da aka tsamo daga ƙasan teku a zamanin nan na gwamnati ne. Na kakana ya fito tun kafin dokar, shi halal ne. Ranar da na rubuta sunan ɗanki a nan, 'yan sanda za su zo su ɗauke sulen su jefa a akwatin da ba mai sake gani. Su kama Nicanor. Sunan Telmo kuwa za a rubuta shi, ƙwarai, a jarida, ɓarawon kayan tarihi. Shi kike so?"

"Ka san da dokar ranar da ka kira ni."

"Na sani."

"Ka ce zan sami inda zan tsaya."

"Ga ki a tsaye."

Ta dafa gefen tebur. Baƙin ciki ya kama ta, amma wanda ya fi shi ciwo kunya ce, ta tuna mai burodi da mai kifi da duk wanda ta gaya wa.

"To ba ni abina in tafi."

"Wane abu? Wa ya ga kin ba ni? Ko sisi ba ki karɓa ba, ke da kanki kika ƙi."

"To ba ni tsohon, wanda ruwa ya cinye. Tun da ka ɗauki nawa, ba ni naka in riƙe."

Don Evaristo ya yi dariya, ta gaske, ba ta mugunta ba, wadda ta fi ta mugunta zafi.

"Haba Casilda. In akwai biyu a duniya, me ya rage na ɗaya? Mutane ba azurfa suke zuwa gani ba, azurfa ko a cokali akwai. Suna zuwa ne su ga abin da babu na biyunsa. Tun satin da kika kawo naki na kai wancan wajen maƙeri, na tsaya a kansa har ya narke." Ya kaɗa yatsa, kare ya taso daga ƙarƙashin tebur. "Amma ban yi asararsa ba. Zo nan, ɗan gidana."

A wuyan karen wani sabon faifan azurfa na reto. An goge shi yana ƙyalli, an sassaƙa rubutu mai kyau a kai, da manyan baƙaƙe, yadda ko Casilda ba ta sha wahalar karantawa ba. Capitán. Karen ya matso yana shinshina furanninta, yana kaɗa wutsiya.

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba, ko da yake a lungunmu an san ta da iya duka biyun. Ta ajiye furannin a ƙasa gaban teburin. Ta sunkuya daidai kan sulen, ta buɗe baki ta huro numfashi a kan gilashin har ya yi hazo. Da babban yatsanta, wanda ya san zanen wuƙar, ta rubuta baƙaƙe biyar ɗin da ta fi sani a duniya, a karkace, T ɗin ya fi sauran girma. Ta ɗan ja da baya ta duba. Ga sule a ƙasa, ga suna a sama, kamar yadda ta yi ta gani a ranta duk watannin nan. Ta karanta shi da ƙarfi, yadda mata ke yi a makabarta.

"Telmo."

Hazon ya fara janyewa daga gefe. Don Evaristo bai jira ya gama ba. Ya zaro farin hankici daga aljihun ƙirjinsa, ya goge gilashin a tsanake, ya karkata kai ya duba ko akwai sauran shaidar yatsa, ya ƙara gogewa. Sannan ya kira kuyanga ya ce ta raka baƙuwa, ta kuma kwashe furannin nan, danshinsu yana baƙanta azurfa.

Kuyangar ta biyo ta har ƙofa ta tura mata damin a hannu. Casilda ta gangara tudu da shi. A mararraba hanya ɗaya ta yi makabarta, inda ake jin ƙarar bokitai da hirar mata, ɗaya ta yi lungunsu, inda Eufemia ke jira a taga ta ji labari. Ta tsaya har wani mai keke ya yi mata ƙararrawa. Sai ta bi ta ukun, wadda ta gangara gadar jirage, ta shiga layin matan da ke jiran nasu lokacin a bakin ruwa.